Yadda Ake Gano Tukunyar Kirki Tsakanin Ƙonni, Malbaza da Illela

Shawarar da ake yawan ba baƙo idan yunwa ta kama shi a Ƙonni ba ta wuce uku: ya duba waya, ya nemi gidan abinci mai allo da fenti, ko ya tafi inda ya ga cunkoso. Ta farko ba ta da amfani a nan, domin matan da suka fi iya miya ba su da shafi a intanet, ba su ma da allo, sunansu kawai aka sani. Ta biyu tana nuna kuɗin mai wuri, ba ta nuna hannun mai girki. Ta uku ce ke da ƙamshin gaskiya, ita ce kuma ta fi jefa mutane cikin ciwon ciki. Abu biyu ya kamata ka bincika: yaushe aka ɗora tukunyar, kuma su wa ke dawowa gare ta kullum.

Ka fara da lokaci. Romo, kai da ƙafa da kayan ciki na hantsi ne, bayan nama ya fito daga kwata. Tuwo da miya tsakar rana da bayan magariba. Burodi da ƙwai da sassafe ko da dare. Wanda ya nemi romo da la'asar ragowar safe zai sha, ko a hannun wa ya saya.

Wahalar aikin tana wajen rarrabe taro. Birnin Ƙonni na kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Dogon Dutsi ta nufi Maradi da Damagaram, ga iyakar Najeriya a gefen kudu, ga mararrabar Tawa a Tsarnawa. Saboda haka taro iri biyu ne a garin. Akwai na fasinjan manyan motoci, wanda ya sauko na ɗan lokaci kaɗan, ya ci a tsaye, ya koma kujerarsa, in cikinsa ya juya yana can wajen Madawa ba wanda zai kai wa kuka. Mai sayar wa irin wannan mutum ba abin da ke tilasta mata gyara hannu, tun da gobe wasu fuskoki ne za su sauko. Akwai kuma taron 'yan kabu-kabu, 'yan canji, masu dako da teloli, waɗanda suke ci a benci ɗaya shekara da shekaru. Ranar da miya ta yi tsami za su faɗa wa mai ita a gaban kowa, in ta maimaita su koma wajen maƙwabciyarta. Wannan taron shi za ka bi. Alamunsa a fili suke: babura a jere a bakin rumfa, mutane suna kiran mai tuwo da suna, wani ya ci ya tashi bai biya ba don akwai lissafi a tsakaninsu, yara kuma suna zuwa da kwano daga cikin unguwa. Kwanon nan ya fi kowace shaida ƙarfi, domin matar gida da ta iya girki ba ta aika ɗanta sayen miyar banza.

In za ka yi tambaya, ka san yadda ake yin ta. Kada ka ce wa ɗan kabu-kabu ya kai ka gidan abinci mai kyau, zai dubi rigarka ya kai ka inda ake kai baƙi. Ka ce masa, "Malam, kai a ina kake cin tuwon rana?" A Malbaza, direbobin manyan motocin da ke jiran lodi a kamfanin siminti su ne abin tambaya, domin jira kan zaunar da su a garin, kuma da kuɗin aljihunsu suke ci. A Galmi kuwa, masu ɗinkin buhu da masu lodin albasa.

Wani zai ce ai direban motar fasinja ma kullum yana bin hanyar nan, me zai hana a ci inda ya tsaya? Amsa ita ce, wurin tsayawar ba lallai ba ne zaɓin cikinsa. Ko kamfani ne ya tsara, ko kuma shi da ya kawo ciniki ana ware masa nasa kwanon da ba irin naka ba. Ban ce duk mai tuwon tasha ha'inci take yi ba. Akwai gwanaye a cikinsu, kuma hanyar gane su ita ce dai waccan: ka duba ko ma'aikatan tashar, 'yan kamasho da masu faci, a wurinta suke ci.

Da ka isa, gaisuwa tukuna, sannan ido. "Inna, sannu da aiki, miyar me aka yi yau?" Wadda ta amince da girkinta za ta buɗe maka murfi ba ka roƙa ba. Tukunya ta kasance a kan wuta tana tafasa, ko aƙalla tana tururi sosai. Miyar da aka sauke tun hantsi ta yi ɗumi-ɗumi ita ce mai haɗari, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Miyar kuka ko kuɓewa da ta kwana tana sakin jiki, yauƙinta ya tsinke, ruwa ya ware a gefe. Romo mai kyau ƙamshin ƙashi da citta da masoro yake yi kafin yaji ya biyo baya. In barkono ne kaɗai ya dake ka, ko dunƙulen Maggi ya rufe komai, to an tsawaita shi da ruwa ne. Ina da tsauri a kan albasa. A yankin da ake noma albasar Galmi, ga lambunan fadamar Maggiya da gonakin noman rani na Ƙonni a kusa, mai miyar da ta yi rowar albasa lokacin kakarta ba ta da uzuri, kuma wadda ta yi rowar abu mai araha ba za ta yi kyautar nama ba.

Burodi da abin haɗawa shi ya fi sauƙin bincike, tun da a gabanka ake yin sa. Dogon burodi irin na Faransa na yini ɗaya ne: ka matsa, in ɓawon ya yi ƙara na yau ne, in ya lanƙwashe kamar roba ka wuce. Mai laushin nan na cikin leda da ke shigowa daga Najeriya ya fi jure kwana, sai dai a shinshina shi. Ƙwai a fasa a soya kana kallo, da albasa da tumatir da aka yanka yanzu. Tsire ko balangu a ciro shi daga kan wuta zuwa cikin burodin. Wake da ƙosai su zo da zafinsu. Mayonez kuwa, kwalbar da ta yini a buɗe a kan teburi, cokali a ciki, ka ce a bar shi, ko da mai shayin ya ji haushi.

Masu son gidan abinci na zamani za su ce ai can akwai firji. Firji da wuta yake aiki, kuma duk da tashar hasken rana da aka buɗe a Malbaza a 2018, ɗauke wuta bai zama tarihi ba. Kowa ya tuna halin da aka shiga a 2023 da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar. Naman da ya narke ya sake daskarewa ya fi wanda aka yanka da safe aka cinye kafin azahar haɗari. A irin wannan wuri ka tambayi abin da aka dafa yau, ka bar dogon jerin da ke jikin bango.

Ruwa ma abin dubawa ne, domin annobar kwalara ta 2021 ta shafi jihar Tawa. Ka ga yadda ake wanke kwanoni, ka nemi a zuba maka ruwan wanke hannu daga buta da sabulu maimakon tsoma hannu a kwano ɗaya da kowa. A Illela ta Nijar da Badagishiri, inda masu saye ba su kai na Ƙonni yawa ba, ranar kasuwa ce ranar romo, domin ran nan ake yanka da yawa. Sauran ranaku ka tsaya ga tuwo da miyar ganye ko burodi da ƙwai. Kuɗi ba wani mai yawa ba ne, 'yan ɗaruruwan sefa sun ƙosar da mutum, nama ne ke ɗaga lissafi. A Ƙonni ka faɗi irin kuɗin da ke hannunka kafin a zuba, sefa ko naira, don canjin bakin rumfa ba ya bin na 'yan canji.