Ƙidayar Shirwa da Shaho daga Tina Junction

Da zarar damina ta ja baya a watan Oktoba, sararin samaniyar Jos kan cika da baƙi. Shirwa na gangarowa daga arewa, wasu shahuna kuma daga Turai suke, sun ƙetare Bahar Rum da Sahara.

Mai son ganinsu ya bi hanyar Laminga daga Tina Junction zuwa dajin Amurum, mazaunin cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ya nemi izini kafin ya hau dutse. Sammako ba dole ba ne. Sai hantsi ya dubi ludayi, duwatsu sun ɗau zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi, sannan tsuntsayen ke hawanta suna shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba.

Ya juya wa rana baya, ya riƙe madubin hangen nesa. Kada ya ƙirga garke yana kewaye, domin zai maimaita. Ya jira su miƙe layi, ya ƙirga goma-goma. Ya rubuta lokaci, adadi da inda suka dosa. Ungulu kuwa 'yar gida ce, a ba ta shafinta daban, musamman da yake tana ƙaranci ƙwarai.