Hubusin Kayan Jinya: Hukuncin Aro da Haya da Gyara

 

Darasin rahoton bana ya shafi kayan jinya, wato keken guragu, da sandunan dogarawa, da gadon asibiti, da katifar iska, da na'urar oksijin. Waɗannan kaya suna da wata siffa da ta raba su da abinci da magani, domin ba sa ƙarewa da amfani ɗaya, kuma galibi buƙatarsu ta ɗan lokaci ce. Wanda ya karye a ƙafa zai dogara sanda wata biyu ko uku, sannan ya jingine ta a bayan ƙofa. Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki za a saya masa keke da kuɗin da ya kai amfanin gona guda, in Allah Ya karɓi abinsa sai keken ya zauna a zaure yana tsatsa, alhali a unguwar gaba ana ɗaukar wata tsohuwa a tabarma.

Ga mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa akwai ƙarin nauyi, shi ne nisa. Mai babbar karaya sai an kai shi Asibitin Ƙashi na Dala, mai ciwon da ya gagari asibitin kusa sai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Wanda ya fito daga Riruwai sai ya keta dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya ɓulla Kwanar Ɗangora, kafin ya kama hanyar birni. Kafin a sallamo shi kuɗin mota da na gwaji da na magani sun cinye abin hannu. Ranar sallama kuwa ita ce ranar da za a ce a nemo keke ko gado mai ɗagawa, lokacin da babu ko kwabo.

Shari'a ba ta bar wannan wuri fanko ba. Ta shimfiɗa hanyoyi uku da amfanin abu ɗaya zai kewaya tsakanin mutane da yawa: aro, da haya, da hubusi, wanda ake kira wakafi. Aro mallakar da amfani ne ba tare da lada ba. Haya mallakar da amfani ne da lada sananne zuwa lokaci sananne. Hubusi kuwa tsare asalin abu ne a bar amfaninsa yana gudana. Abin da ya dace da kwamitin masallaci shi ne ya riƙe kayan a matsayin hubusi, ya fitar da su ta hanyar aro ga marar hali, ta hanyar haya mai sauƙi ga mai hali.

Wasu masu bayarwa suna zaton hubusi bai wuce gona da gida da rijiya ba, saboda misalan da aka fi ji su ne gonar Sayyidina Umar ta Khaibara da rijiyar Ruma ta Sayyidina Usman. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya kare Khalid ɗan Walid da cewa ya tsare sulkunansa da kayan yaƙinsa saboda Allah. Sulke abin ɗauka ne, yana tsufa, yana lalacewa, kamar keken guragu. Da wannan da irinsa malaman Malikiyya suka inganta hubusin abin da ake ɗauka, kamar littafi da doki da makami. Sun ƙara da wani sauƙi da mutane ba su cika sani ba: hubusi a wurinsu yana inganta ko da na ƙayyadajjen lokaci ne. Saboda haka iyalin da suke da gadon jinya, suna tsoron wata rana za su sake buƙatarsa, suna iya hubusantar da shi na shekara biyu, bayan wa'adin ya dawo mulkinsu. Haka mai shago a kasuwar Kafin Maiyaki yana iya ba da ɗaki ɗaya na shekara biyar a riƙa ajiye kayan, ba tare da ya rabu da shagonsa ba.

Aro ma yana da asali mai ƙarfi. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a zamanin Annabi (SAW) suna ɗaukar abin da Suratul Ma'un ta zargi masu hana shi a matsayin aron guga da tukunya. Shi kansa Manzon Allah ya ari sulkuna daga Safwan ɗan Umayya lokacin fita Hunaini, a shekara ta 8 bayan hijira. Magabata kuma sun kai hubusi wuraren da mu ba mu kai ba tukuna. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar wakafi yake gudana. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya shiga Dimashƙa a 1326, ya ba da labarin wani hubusi da aikinsa kawai shi ne biyan kwanon da yaron gida ya fasa a hanya, don kada a dake shi. Al'ummar da ta tuna da fasasshen kwano ba za ta ga hubusin sandar gurgu ƙaramin abu ba.

Sharaɗin da aka fi sakaci da shi shi ne hauzi, wato abin ya fita daga hannun mai bayarwa ya shiga hannun wanda aka ɗora wa kula. A mazhabar Malik, idan mutum ya furta hubusi amma ya ci gaba da riƙe abin har ya rasu, ko bashi ya lulluɓe dukiyarsa, ko ya kwanta ciwon ajali, hubusin ya ɓaci, abin ya koma gado. Don haka wanda ya ce a gaban jama'a ya ba da na'ura, to a je a ɗauko ta a makon, a rubuta, mutum biyu su shaida. Kunyar zuwa karɓa tana iya tozarta niyyar mai bayarwa.

Sai tambayar da kwamitoci suka fi yi: ko ana iya sayen waɗannan kaya da kuɗin zakka? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin zakka, kuma jumhurun malamai suna sharɗanta a mallaka wa matalauci abin, ya zama nasa. Keken da zai kewaya gida goma bai zama mulkin kowa daga cikinsu ba, kuma wata rana zai faɗa gidan mawadaci. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Amman a 1986, ta buɗe ƙofar sa kuɗin zakka a ayyukan da amfaninsu zai ƙare ga masu haƙƙi, da sharaɗin an fara biyan buƙatunsu na gaggawa. A ganina wannan sharaɗi da wuya ya cika a ƙauyukanmu, inda mai neman kuɗin magani yake tsaye a ƙofa. Abin da ya fi aminci shi ne a raba asusu. Wanda nakasarsa ta dindindin ce, kamar wanda shan inna ta taɓa, a saya masa keke da zakka a mallaka masa. Kayan da za su riƙa kewayawa kuwa a saye su da sadaka da hubusi. Hukumar da Jihar Kano ta kafa a 2003 ta haɗa zakka da hubusi a sunanta, amma haɗuwa a suna ba ta mayar da hukuncinsu ɗaya ba.

Inda irin wannan aiki yake mutuwa shi ne wurin gyara. Mutane suna son sayen sabon abu, a ɗauki hoto, amma ba wanda yake son sayen tayar keke. Malaman fiƙihu sun riga mu ganin wannan, shi ya sa suka gabatar da gyaran hubusi a kan rabon amfaninsa, har suka ce ko mai hubusin ya sharɗanta a jinkirta gyara ba a bin wannan sharaɗi, domin yana kai wa ga rushewar asali. Matsalar kayan jinya ita ce ba gona ba ne balle su fitar da amfanin da za a gyara su da shi. Malikiyya sun tattauna makamancin haka a kan dokin da aka tsare don jihadi: baitulmali ne zai ciyar da shi, in babu sai a sayar da shi a sayi makami, wanda ba ya cin abinci. Tunda kwamitin masallaci ba shi da baitulmali, hanya biyu ce ta rage. Ko dai a haɗa kayan da wani hubusi mai kawo kuɗi, kamar shago ko fegin noman rani a ƙasan madatsar Tiga, ko kuma a riƙa karɓar haya kaɗan daga masu hali a zuba a asusun gyara.

Wannan haya sai an yi hattara da ita. Sharaɗin mai hubusi abin bi ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Idan ya ce kyauta za a riƙa bayarwa, kwamiti ba shi da ikon sa kuɗi daga baya. Don haka tun ranar karɓa a nemi izininsa a rubuce cewa ana iya ba mai hali haya, kuɗin kuma na gyara ne kaɗai. Kuma a ambaci ladan da wa'adin a fili, domin haya da lada marar sani ɓatacciya ce. Idan abu ya lalace har ya daina amfani, mazhaba ta yarda a sayar da shi a sa kuɗin a irinsa, ko a cika a sayi wani.

Wa zai biya idan abu ya ɓata a hannun majinyaci? A babin aro Malikiyya sun raba kaya biyu. Akwai abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi da kayan ado, wanda mai aro yake lamuncewa sai in ya kawo shaidar cewa ya salwanta ba da sakacinsa ba. Akwai kuma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar gida da dabba, wanda ake gaskata shi a kai sai in ƙaryarsa ta bayyana. Na'urar awon hawan jini ta fi kama da kashin farko. Mai haya kuwa amintacce ne, ba ya biya sai da ta'addanci ko sakaci. Tsufan da amfani na al'ada ya jawo, kamar sulɓewar taya, ba a kan kowa yake ba. Ina ganin kwamiti ya san wannan hukunci don ya kare dukiyar hubusi, amma ya yi rangwame wajen aiki da shi. Maimakon karɓar jingina daga gidan da ake jinya, ya fi kyau limamin unguwa ko mai unguwa ya tsaya wa mai aro. Mutum ya fi jin nauyin fuskar liman a kan kuɗin da ya ajiye.

Akwai kayan da ba a haɗa su da kowa, kuma a nan maganar ma'aikacin lafiya ce gaba da ta kwamiti. Allurar huda yatsa ta awon suga ba a maimaita ta, domin ciwon hanta da wasu cututtuka suna bin jini. Robar hanci da abin rufe fuska na oksijin, da na na'urar masu asma, kowane majinyaci da nasa. Katifa da keke sai an wanke su da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin su shiga wani gida. Oksijin kansa magani ne, likita ne yake faɗin wanda zai sha da gwargwadon da zai sha. Na'urar da take tace shi daga iska ba ta aiki sai da wuta mai ɗorewa, don haka wanda zai saye ta ya lissafa sola da batir a cikin kyautarsa, in ba haka ba ya sayi akwati ne kawai. Tukunyar oksijin kuma ba a kusantar da ita ga murhu ko taba, ba a shafa mata mai. Saboda haka ra'ayina shi ne irin waɗannan manyan na'urori a ajiye su a asibitin gwamnati mafi kusa, da rubutacciyar yarjejeniya cewa hubusi ne, ba na sayarwa ba, ba kuma na ɗauka zuwa wani gari ba. Masallaci ya riƙe keke da sanda da gado.

Ba kowane masallaci ne yake buƙatar rumbunsa ba. Masallatan Juma'a huɗu ko biyar da suke kan hanya ɗaya suna iya haɗa kayansu wuri guda, mai kula ɗaya, littafi ɗaya. A cikin littafin a rubuta lambar kowane abu, da sunan mai hubusin, da sharaɗinsa, da ranar fita, da ranar da ake sa ran dawowa, da wanda ya tsaya. A buga lambar a jikin ƙarfen da fenti tare da kalmar hubusi, domin kada magada su sa shi cikin rabon gado bisa rashin sani. Mai kula ya leƙa gidan mai aro sau ɗaya a wata, ya gaishe da majinyaci, ya duba taya da birki. Idan rasuwa ta faru, a bari a share makoki, sannan wanda ya tsaya ya je da kansa ya karɓo kayan.