Dokin Ƙarfe Mai Godiya

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya buge shi da kulki, ya sheƙa da gudu. Yadda mutanen Mabera ke son dambe da kokawa, haka su ma ke son wannan wasa.

An yi wani gwanin wasan, sunansa Lu Gerig. An haife shi a birnin Niyok a shekarar 1903. Iyayensa talakawa ne. Su huɗu aka haifa, shi kaɗai ya girma. Daga 1925 zuwa 1939 ya yi wasa sau 2,130 a jere, bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Saboda haka aka yi masa laƙabi da Dokin Ƙarfe.

A 1939 sai ƙarfinsa ya ragu sosai, yana tuntuɓe, kulki yana yi masa nauyi. Likitoci suka duba shi, suka ce ciwon jijiya ne mai shanye jiki sannu a hankali, ba shi da magani. Lokacin yana da shekara 36.

Ran 4 ga Yuli, 1939, mutane fiye da 60,000 suka taru a filin wasa don yi masa ban kwana. Da ya tashi magana bai yi kukan ciwonsa ba. Ya ce shi kam yana ganin duk duniya babu wanda ya kai shi sa'a. Ya gode wa iyayensa da suka sha wahala don ya yi karatu. Ya gode wa matarsa, da surukarsa, da abokan wasansa, har da masu gyaran fili.

Bayan haka bai zauna haka kawai ba. Ya karɓi aikin duba sha'anin fursunoni, ya yi ta yi har ƙarfi ya ƙare. Ya mutu ran 2 ga Yuni, 1941.

To, jama'a, kowa na iya godiya ranar samu. Godiya ranar rashi ita ce mai wuya. Ciwo ya ci ƙarfin Gerig, amma bai mantar da shi alherin da aka yi masa ba. Wanda ya yi maka alheri, gode masa yau, tun kana da bakin faɗa.

Tambayoyi
1. Don me aka kira shi Dokin Ƙarfe?
2. Su wa ya gode wa?
3. Rubuta sunan mutum uku da suka yi maka alheri.