Shin Za a Daina Amfani da Tsabar Kuɗi Ne?

Wani mai sauraronmu daga Gusau ya aiko da tambaya: wai da gaske ne za a hana ciniki da tsabar kuɗi, kuma ina makomar mai ƙosai ko makiyayin da ba shi da asusun banki?

To malam, ba a hana ba. Babban Bankin Najeriya ya fara tsarin rage yawon tsabar kuɗi ne a Legas cikin 2012, don rage tsadar buga takardu da safararsu, da kuma fashi a hanya. Amma damuwarka tana da tushe. Wanda ya ga farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 an kuma janye tsofaffin, ya san wahalar da aka sha. Layi a bakin ATM tun asuba, masu POS na sayar da naira da naira, ka tura kuɗi ta waya su maƙale saboda rashin sabis. A kasuwannin ƙauye kuwa, manomi ya riƙa karyar da hatsinsa don dai ya riƙe tsaba a hannu. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris kafin tsofaffin takardun 500 da 1,000 su dawo.

Ko Suwidin, inda yawancin jama'a suka koma kati da waya, sai da ta kafa dokar tilasta wa manyan bankuna ci gaba da samar da tsabar kuɗi.

Ka buɗe asusu, malam, amma kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko da ya ce daga banki yake kira.