Jan Kunne Ga Iyaye Kan Karatun Yara A Zaman Korona

Ya ku iyaye maza da mata, wannan takarda ta daminar 2020 taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kowa ya san yadda aka yi muka kai nan. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar cutar korona ta shigo Nijeriya, a jikin wani Ba'italiye da ya sauka Legas. Ba a cika wata guda ba gwamnonin arewa maso yamma suka haɗu a Kaduna, suka ce a rufe makarantu daga 23 ga Maris har kwana 30. Kwana 30 ya zo ya wuce, azumi ya wuce, an yi salla, daminar 2020 ta sauka, ƙofar makaranta tana nan da kwaɗo. Jarrabawar WAEC da aka shirya farawa a Afrilu an ɗage ta. Ba kuma mu kaɗai abin ya shafa ba: hukumar UNESCO ta ce ɗalibai fiye da biliyan 1.5 ne a duniya annobar ta zaunar a gida.

To, yara sun ɗauka hutu aka ba su, iyaye da yawa ma haka suka ɗauka. Ba hutu ba ne. Hutu da ranar komawarsa ake ba da shi, wannan kuwa babu wanda ya faɗa mana ranar. Ku tambayi kowane alaramma abin da ke samun hadda in aka daina tilawa: zubewa take yi, a hankali, mai ita bai sani ba. Karatun boko ma haka yake. Wanda ya fi kowa asara shi ne ɗan aji biyu ko uku na firamare, wanda bai daɗe da fara haɗa baƙi da wasali ba. Babban yaro zai manta wani abu ya tuna wani. Ƙaramin kuwa, in aka bar shi wata da watanni bai ga rubutu ba, sai an koma da shi farko.

Wani zai ce, "Ni ban yi boko ba, me zan koya masa?" Malam, ba a ce ka zama malamin makaranta ba. Lokaci ake nema a wurinka, da tambaya. Karatu a cikin gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ba aji ta gina ba. Jajojinta, wato mata jagorori, ta koyar, su kuma suka bi ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru a cikin gidajensu. In an iya wannan a zamanin da babu rediyo babu littafin bugu a hannun kowa, yau ba mu da hanzari.

A tsai da lokaci guda, kullum shi ne. Mafi kyau bayan an karya kumallo, kafin rana ta yi zafi. Awa ɗaya ta isa, ga ƙanana ma rabinta. A shimfiɗa tabarma a wuri guda, a fito da jakar makaranta daga inda aka cusa ta tun watan Maris. Yaya ya karantar da ƙane, Yaya ta duba wa ƙanwa, don mai koyarwa shi ma bitar nasa yake yi. Uwargida, ko kina tankaɗe kina iya cewa, "Zo ka karanta mini abin da ka rubuta." Ko ba ki san baƙi ko ɗaya ba, kunnenki zai gaya miki in yana tafiya sumul ko yana in'ina. Yaron da ya san za a tambaye shi kullum ba ya sake.

Sai rediyo. Jihar Kaduna ta fara darussa ta rediyo da talabijin a watan Afrilun 2020, ta soma da 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu jiran jarrabawa. Kano da waɗansu jihohi su ma sun bi sahu. Ku nemi tasha da lokacin darasi a jiharku, ku rubuta a bango. Amma a lura, kunna rediyo ana hira ana daka ba sauraron darasi ba ne. Yaro ya zauna da littafi da fensir, ya rubuta abin da ya ji, in an ba da aiki ya yi. Maigida kuma ya haƙura da akwatinsa na rabin awa, labaran duniya za a maimaita su da yamma. Kuɗin batir bai kai na goron yini guda ba. Wayar hannu kuwa, mai hali ya sa data don darasi, amma ya zauna kusa. In ka miƙa wa yaro waya ka fita, fim ka saya masa.

Lissafi yana nan cike da gida, sai dai ba mu kiransa da sunansa. An ba ka naira 500, ka sayo sabulu uku na naira 120, nawa ne canji? Buhun taki kilo 50 ne, in za a raba wa gonaki biyu, ɗaya ta ninka ɗaya girma, nawa kowace za ta samu? Mudu nawa gidan nan ke ci a mako, nawa ke nan a wata? Yaron da ya bi Baba gona ya ƙirga kunyoyi, ya rubuta ranar shuka da ranar da aka yi noman farko. Babu littafin rubutu? Akwai gawayi da daɓe. Babu na karantawa? Akwai kwalin ashana, da takardar magani, da kalandar bango. Gidan da ke da tsohon Magana Jari Ce na Abubakar Imam a adaka, a kaɗe masa ƙura. Da dare Kaka ta yi tatsuniya, da safe jika ya rubuta ta da hannunsa, ya karanta mata ta ji ko ya ci wani wuri. Allo ma kada a jingine shi don an rufe Islamiyya. A wanke, a biya, a yi tilawa.

Abu biyu a kiyaye. Kada a tara yaran unguwa a zaure guda da sunan darasi, don gudun cunkoso aka rufe makarantar. Kada kuma a mai da awar karatu awar bulala. Yaron nan a takure yake, ya rabu da abokansa, yana jin manya suna zancen mutuwa. A bayyana masa cutar daidai hankalinsa, a koya masa wanke hannu da sabulu, a bar shi ya yi dara da 'yar carafke da 'yan'uwansa a tsakar gida.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta 'ya'ya mata. Lokacin annobar Ebola a 2014, Saliyo ta rufe makarantu, ba a buɗe ba sai Afrilun 2015. Su ma sun yi darasin rediyo. Amma da aka buɗe, 'yan mata da yawa ba su koma ba, dubbai sun yi ciki a tsakanin. Mu a nan hanyar fitar ta talla ce da aure. Yau a ɗora mata farantin goro tunda tana zaune, gobe a ce ai ta yi girma, jibi a karɓi kuɗin gaisuwa. Tun kafin korona, UNICEF ta ƙiyasta yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a arewa. Ba ma bukatar ƙari. A raba aikin gida tsakanin mace da namiji, lokacin karatu kuma ta ajiye tsintsiya ta zauna a tabarmar nan tare da 'yan'uwanta.

Masu unguwa da limamai, ku taimaka da sanar da lokacin darasin rediyo. Iyaye, ku adana kayan makaranta da littattafai. Ranar da hukuma ta ce a koma, kowa ya kama hannun ɗansa da na 'yarsa ya kai su da kansa. Allah Ya yaye mana wannan annoba, amin.