Yadda Ake Sa Safa Ba Tare da Sunkuyawa Ba

Da hunturu ya sauka Abuja, tayil ɗin ɗaki yakan yi sanyi ƙalau da asuba, kuma a lokacin ne ake gane wanda bayansa ya daina lanƙwasuwa. A unguwa irin Kado, daga rukunin gidajen da ke kusa da Kasuwar Kifi har zuwa Kado Kuchi, akwai dattijon da ya yi ritaya gwiwa ta riƙe, akwai mai juna biyu da cikinta ya tsufa, akwai wanda aka yi wa aikin ƙugu. Har matasa na ciki, domin sikila takan lalata kan ƙashin cinya har ta kai ga a sauya gaɓar. Dukansu suna iya sa riga da kansu. Safa ce ke sa su ƙwala wa jika kira. Mai alwala sau biyar a rana kuwa, kiran ba zai tsaya a ɗaya ba.

Ga wanda aka sauya wa gaɓar ƙugu, abin ya wuce batun ciwo. Likitoci sukan hana shi lanƙwasa ƙugun fiye da digiri 90, wato fiye da zaman kujera miƙe, tsawon makonni 6 zuwa 12, don kada sabuwar gaɓar ta goce. Shi ya sa ma'aikatan gashin ƙashi, a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, su ne mutanen da ya kamata a fara nuna wa duk wani abin taimako kafin a soma amfani da shi.

Irin wannan abin taimako shi ne abin sa safa, wanda ba shi da batir ko inji. Roba ce mai siffar indararo, da igiya biyu a bakinta na sama. Ana cin karo da shi a shagunan kayan asibiti da kasuwannin intanet, amma mai haƙuri zai iya haɗa nasa a gida.

A samo jarkar man girki mai lita 5, a wanke ta da sabulu har santsin man ya fita. Gorar ruwan sha ba ta yi, ta cika laushi, safa na hawa kanta take maƙurewa. A yanko falle daga jikin jarkar, tsawo kamar inci 10, faɗi kamar inci 8, a ɗan tsuke gefen da zai shiga cikin safa, a zagaye kusurwoyi huɗun da almakashi. Sai a bi bakin yankan da samfefa, a naɗe shi da salatif mai kauri. Mutane sun fi yin ha'inci a wannan mataki, alhali shi ne mafi muhimmanci. A goga bakin a bayan hannu. In ya karci fata ko kaɗan, aiki bai ƙare ba. A kai wa mai gyaran takalmi ya huda kusurwoyin sama biyu, a zura igiya mai kauri a ƙulle a kowace huda, tsawon da zai kai daga hannun mai zama zuwa ƙasa, wajen inci 30. Igiyar ta zama mai faɗi, irin maɗaurin jaka, don siririya tana cin tafin hannu.

In akwai tela a kusa, a sa shi ya yi wa robar riga: tawul ta waje, yadi mai santsi ta ciki. Haka ake yin na kanti masu laushi. Tawul ɗin yana riƙe safa kada ta zame da wuri, santsin kuma yana barin ƙafa ta wuce.

Sa safar yana farawa da wurin zama. A nemi kujera mai ƙarfi, mai ɗan tsayi, wadda tafin ƙafa ke taɓa ƙasa. Kushin mai nutsewa da katifar ƙasa ba su dace ba, a tsaye kuwa sam ba a yi.

A matse robar tsakanin cinyoyi ko a tokare ta da ciki, buɗaɗɗen gefenta yana kallon sama. A ja safar a kanta, dunduniyar safa ta ƙasa, a bayan robar. A ci gaba da ja har bakin robar ya tokare da wurin yatsu, kada a bar wani saura yana reto. Amma bakin safar na sama kada ya haye ƙullin igiya. Kusan duk wanda ya ce abin ya ƙi yi masa aiki, a nan ya kuskure: safar ta rufe ƙullin, ya ja, roba da safa suka taho tare. Ragowar tsawon safa a tattare shi a jikin robar.

Daga nan a riƙe igiya ɗaya a kowane hannu, a sauke robar ƙasa a gaban ƙafar da ke ciwo. A zura yatsu, a karkata su ƙasa, a tura har su kai ƙarshe. Sai a ja igiyoyin a hankali, da farko zuwa jiki, in dunduniya ta shiga kuma a ja sama ta bayan ƙwauri. Robar za ta sulluɓe ta fito, safar ta zauna. Fizga ba ta da amfani. In ƙafa tana da danshin alwala, a bari ta bushe, ko a barbaɗa hoda kaɗan a cikin robar. Mai faso da kaushi ya shafa mansa tun da dare, domin dunduniya mai kaushi tana kama zare, mai maiƙo kuma tana mannewa.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana iya yi da hannu ɗaya. A ɗaure igiyoyin su zama zobe guda, ya matse robar da gwiwoyi wajen ɗora safa. Kwanakin farko da takaici, don haka a fara masa da tsohuwar safa wadda ta saki.

Cirewa ba aikin robar ba ne. Ana amfani da dogon cokalin sa takalmi, ko sanda mai ɗan ƙugiya da aka naɗe da roba: a zura ta bayan dunduniya, a tura safar ƙasa.

Masu ciwon suga su ƙara kula. Da yawansu jin ƙafa ya ragu, roba za ta iya yankarsu ba su sani ba, ciwon ƙafa kuma ba ya saurin warkewa gare su. Su ajiye madubi a ƙasa su duba tafin ƙafa kullum, su guji safa mai matse idon sawu. Safar matsi da likita ke rubutawa saboda kumburi kuwa ta fi ƙarfin robar jarka. Tana da nata firam na ƙarfe, kuma ma'aikacin asibiti ne zai auna ƙafar ya nuna yadda ake ɗora ta.