Makullin Ƙofar Gida da Dabarar Sauya Mabuɗi

Sanin kowa ne cewa wanda ya tare a gidan haya ba lallai ba ne shi kaɗai ke riƙe da mabuɗin ƙofarsa. Wanda ya tashi yana iya tafiya da ɗaya, dillali na da nasa, wataƙila ma kafinta ya taɓa yanka wani. Maganin wannan damuwa shi ne a sauya cikin makullin, yadda tsohon mabuɗi zai daina buɗe shi. Amma kafin a gane yadda ake yin haka, sai an san abin da ke cikin makullin kansa.

Galibin makullan ƙofa na yau sun samo asali ne daga ƙirar wani Ba'amurke, Linus Yale ƙarami, wanda ya yi mata rajista a 1861, ko da yake Misirawan dā sun yi irinta da katako. A tsakiyar makullin akwai silinda ta tagulla mai juyawa cikin gidanta. An huda mata ramuka biyar ko shida a jere, kowane rami da 'yan ƙusoshi biyu, ɗaya bisa ɗaya, da sifirin yana danne su. Ƙusoshin ƙasa tsawonsu ya bambanta. Idan babu mabuɗi, ƙusoshin sama kan gitta tsakanin silinda da gidanta, su hana ta motsi. Da an zura mabuɗin gaskiya, haƙoransa sai su ɗaga kowace ƙusa daidai gwargwado, har mahaɗar ta sama da ta ƙasa ta zo daidai bakin silinda, ta juya. Ramuka biyar masu matakin zurfi goma-goma sun ba da tsari 100,000 a lissafi, amma a aikace ba su kai haka ba, domin wasu haƙoran ba sa yankuwa kusa da juna.

To, sauya mabuɗi ba wani abu ba ne illa mai gyaran makulli ya zare silinda, ya zubar da ƙusoshin ƙasa, ya jera waɗansu masu dacewa da sabon mabuɗi. Kamfanin Kwikset na Amurka ya ƙera wani samfuri, SmartKey, wanda mai gida ke sauyawa da kansa: ya zura mabuɗin da ke aiki, ya murɗa rubu'in zagaye, ya tura wani ɗan tsinken ƙarfe cikin ƙaramin rami, sannan ya zare tsohon ya sa sabo. Sauƙi ne babba. Sai dai a 2013, a taron masana tsaro na Def Con a Las Vegas, Marc Weber Tobias da Toby Bluzmanis sun nuna cewa ana iya murɗe samfurin wancan lokaci da ƙarfi ta amfani da sukundireba. Watau sauya mabuɗi yana rufe ƙofa ga mai tsohon mabuɗi ne kawai, ba ya ƙara wa makulli ƙarfi a gaban mai fasawa.

Haka nan a yi hattara da tsarin mabuɗi ɗaya mai buɗe dukkan ɗakuna, irin na otal da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ana samar da shi ta ƙara ƙusa ta uku a ramukan, kowace ƙari kuwa tana yawaita mabuɗan da za su yi daidai. A 2003 Matt Blaze ya bayyana yadda mai mabuɗin ɗaki ɗaya, da 'yan mabuɗan da ba a yanka ba, zai iya gano na gaba ɗaya.

Wajen saye, abin dubawa na farko shi ne sakata. Ta zama wadda mabuɗi ke turawa, ba mai sifirin da ke komawa in an danna ta ba, ta kuma shiga firam da kimanin santimita 2.5. Ma'aunin ANSI na Amurka ya kasa makullai daraja uku, ta 1 ce mafi ƙarfi. Ƙarfen da sakata ke shiga a ɗaure shi da sukurori masu tsawon santimita 7 zuwa 8, domin sau da yawa katakon firam ke tsagewa kafin makulli ya karye. A ƙofofin ƙarfe masu silinda irin ta Turai kuwa, sukuru ɗaya ne a gefen ƙyaure ke riƙe da ita, saboda haka sauya ta ɗungurungum aikin minti kaɗan ne. A auna kaurin ƙofa kafin a saya, don silindar da ta leƙo waje fiye da milimita 3 ana iya kama ta da filaya a karya.